Mutumin da Baba Yake Aikawa Bincike

Ku matso kusa, masu karatu, yau ba ni da wanda zan faɗa wa cikina sai ku. Da yawanku kun turo min saƙo cewa in cire kunya in gaya wa Waliu abin da ke raina a wuce wajen. Na gode da kulawa. Amma ku bari in fara nuna muku irin mutumin da kuke turawa in gaya wa, sannan ku yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sumayyah, shekarata ashirin da biyar. Kakanninmu daga Ogbomosho suka zo, amma ni a Fagge aka haife ni, a nan aka binne cibiyata. Mahaifina, Alhaji Azeez, ɗan kasuwa ne a Singa. Waliu kuma ɗan amininsa ne da ya rasu. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake cin abincin rana a gidanmu. Yanzu shekararsa talatin ba ɗaya, ga shagonsa na kansa, ga mota, ga gemu, amma ƙarfe biyu na bugawa za ka ji sallamarsa. Zai watsar da takalmi a ƙofar falo, wari a nan wari a can, ya leƙo kicin ya ce, "Ƙanwata, me aka dafa?" Ni kuma Boda Waliu nake ce masa, yadda ake kiran yayye maza a gidajenmu. Shekara shida ke nan ina son mutumin nan, kuma duk Fagge babu wanda bai lura ba sai shi.

Baba yana da ƙa'ida ɗaya a kan aure. Ba ya yi wa 'ya'yansa dole, amma ba ya cewa a turo sai an yi bincike. A je unguwar mutum, a ji ta bakin maƙwabta, a ji ta bakin limamin masallacinsu, a san asalinsa da halinsa. Da yake ba shi da ɗa namiji babba, wa kuke tsammani yake aikawa? Waliu.

Mutum uku suka zo nemana kafin wannan, duka ukun Waliu ya watsar da su. A kan na farko, Waliu ya dawo ya ce wa Baba hankalinsa bai kwanta da shi ba, wai mutumin yana take bayan takalminsa, kuma wanda bai iya riƙe takalmi ba ina zai iya riƙe mace. Ya faɗi haka nasa takalman suna ƙofar falo, duk an take bayansu sun zama silifa. Na biyu wai turarensa ya yi yawa, dole akwai abin da yake ɓoyewa. Na uku ban ma tuna laifinsa ba, ina jin dariyarsa ce ta cika ƙara. Baba yana jin "hankalina bai kwanta ba" daga bakin Waliu sai ya rufe maganar, don ya san yaron ba ya ƙarya. Kuma ba ƙarya yake ba. Hankalin nasa da gaske bai kwanta ba, dalilin ne kawai yake laluba ya ɗauko duk abin da hannunsa ya fara taɓawa.

Bari in tona wa kaina asiri. Duk ranar da ya watsar da wani, ɗaki nake shiga in rufe ƙofa in yi rawa ba kiɗa. Ina cewa a raina, yau kam zai gane, yau zai tambayi kansa me ya sa duk namijin da ya kalle ni yake zama abokin gabarsa. Washegari sai ya zo ƙarfe biyu, ya cinye amalarsa da miyar ayoyo, ya ce in gode wa Allah da ya ba ni yaya mai ido.

Sai mai turaren nan ya auri 'yar maƙwabtanmu. Shekara biyu ke nan, yarinya ta yi ɓulɓul, ko ƙararta ba a taɓa kawowa ba. Tun daga nan na ga Baba yana kallon Waliu ta saman tabarau. Ga gwaggonnina na Ogbomosho kullum suna kan waya, suna tambayar Mama ko leshin ankon da suka ajiye su bar wa asu ne ya cinye.

A cikin haka Baffa ya zo. Malamin sakandare ne, gidansu a Rijiyar Lemo, ya gan ni a walimar wata ƙawata. Sau uku ya zo zance, bayan la'asar, cikin yadi mai ruwan toka da hula zanna, ya zauna a kujerar soro ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. Ba ya katse min magana. Da na yi tari sau ɗaya, zuwansa na gaba da zuma ya zo. Wallahi ba ni da abin da zan ce a kansa, kuma matsalar ke nan.

Baba ya kira ni ya tambaye ni ko ina da wani a raina, in faɗa kada in ji nauyi. Ku gaya min, sunan wa zan kira? Mutumin da ke ce min ƙanwata? Na sunkuyar da kai na ce babu. Sai ya kira Waliu a gabana ya ce masa ya je ya binciko Baffa, ya ba shi sati uku.

"Amma wannan karon," in ji Baba, "ba na son zancen takalmi ko turare. Ka kawo min aibin da za ka iya maimaitawa a gaban mutumin, ido da ido. In babu, ranar Juma'a ta uku zan ce su turo."

Waliu ya ce, "An gama, Baba." Har da murmushi. Ni ma ban damu ba. Wane ɗan Adam ne ba shi da aibi? Kuma wa ya kai Waliu iya tonowa?

Ban taɓa ganin bincike irin wannan ba. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya leƙa shago, ya bar wa yaron shagonsa mukulli ya tare a Rijiyar Lemo. A masallacin su Baffa yake sallar asuba. Ya zauna teburin mai shayin layin har suka saba. Ya je wajen liman, ya je wajen mai wanki da guga, ya nemo wanda suka yi zaman ɗaki ɗaya a makaranta, har malamin da ya koyar da shi a firamare sai da ya gano gidansa. Kuma duk abin da ya samo, ni yake turo wa a waya.

"Sahun farko yake sallah. Kullum. Abin haushi."

Na rubuta masa, "Me ya sa abin haushi?"

"Ban sani ba. Haushi dai."

Bayan kwana biyu ya sake turowa: "Shi yake wanke wa tsohuwarsa kaya da hannunsa. Na gani da idona."

Na ce, "Ai abin kirki ne."

"Na sani. Shi ya sa kaina ke ciwo."

A sati na biyu Baffa ya gane ana bin sa. Maimakon ya ji haushi, sai ya tare Waliu a ƙofar masallaci ya ce ai yayan Sumayyah ba baƙo ba ne, ya ja shi gida aka zuba masa koko da ƙosai, ya ce duk abin da yake son sani ya tambaye shi kai tsaye. Waliu ya turo min saƙo ranar, layi ɗaya: "Mutumin nan ya fi ni kirki." Na daɗe ina kallon wayar. A nan ne tsoro ya fara shiga ta.

Daga nan ya daina cin abinci. Zai zo ƙarfe biyu kamar kullum, ya wanke hannu, ya gutsuri loma biyu, ya tura kwanon. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Mama ta tambaye shi, ya ce cikinsa ne.

Ranar Talatar satin ƙarshe Ifeoma ta kira ni ta ce in zo yanzu. Ifeoma ƙawata ce tun sakandare, tana da kyamis a Sabon Gari, kuma bakinta ba shi da birki. Na yafa mayafi na tari adaidaita. Na same ta a bayan kanta tana jera magunguna, ta nuna min benci ta ce in zauna kada in faɗi.

Wai sau uku Waliu yana zuwa wajenta a cikin kwana goma. Farko ya ce maleriya ce, ta tura shi gwaji, babu komai. Ya dawo ya ce to olsa ce, wani abu ne ke tokare masa ƙirji ya hana shi haɗiya. Ta tambaye shi yaushe abin ke tashi. Ya yi tunani da gaske, har da ƙirga yatsu, ya ce sau biyu a rana: idan ya baro Rijiyar Lemo, da kuma ƙarfe biyu, daidai lokacin da na ajiye masa kwano.

"Sai na ce masa, Waliu, wannan ciwon ba na kyamis ba ne. Son Sumayyah kake yi."

Na ce, "Sai ya ce me?"

"Dariya ya yi, my sister. Har da riƙe ciki. Ya ce ke ƙanwarsa ce, wai ni ban san aikina ba, in ba shi maganin olsa kawai ya tafi."

"Kin ba shi?"

"Na ba shi bitamin. Me zan ba shi?"

Ta yi dariya, ni kuma na fashe da kuka a gaban kwalaben maganin tari. Ta zagayo ta rungume ni tana cewa ita dai a garinsu da tuni an kama shi an zaunar an yi masa bayani da ludayi.

Masu karatu, na yi tunanin mutumin nan har kaina ya yi zafi, ga abin da na gano. Waliu ba wawa ba ne. A kasuwa yana kallon idon mutum ya san ko saye ya zo ko taya. Amma akwai wani waje a cikinsa da ya tsaya tun ranar da aka kawo shi gidanmu da jakar makaranta bayan rasuwar babansa, Mama ta ajiye masa kwano ta ce nan gidanku ne. Tun ranar ya riƙe gidan nan a matsayin abin da ba ya motsi. Baba yana falo, Mama tana kicin, Sumayyah tana kawo ruwan wanke hannu. A wajensa so wani abu ne da ake fesa turare a je a yi a ƙofar gidan baƙi. Abin da yake ji a kaina ya riga wannan zuwa, ya girma tare da shi, bai taɓa tsayawa ya tambayi sunansa ba. Idan abin ya motsa sai ya ce haushi ne, ko ciwon kai, ko olsa. Ina jin tausayinsa, ina kuma jin kamar in shaƙe shi, duk a lokaci ɗaya.

Laraba na samu mahaifiyata, Mama Mulikat, a kicin tana tuƙa amala, zaninta ɗaure a ƙirji, gumi na bin goshinta. Ban taɓa yi mata maganar ba, amma ban yi dogon bayani ba. Cewa kawai na yi, "Mama, ki yi masa magana mana."

Ba ta tambaye ni wa ba. Ta ci gaba da tuƙi har ƙullin ya haɗe, sannan ta sauke tukunyar.

"Idan na ce Waliu ya aure ki, zai ce to," in ji ta. "Yadda yake cewa to idan na aike shi sayo manja. Ke ma idan kika faɗa masa, to zai ce, don bai taɓa hana ki komai ba. Daga nan har ki tsufa ba za ki san ko miji kika samu ko aike aka cika miki ba. Za ki iya zaman?"

Ta ce ita ba za ta ba da 'yarta ga wanda bai buɗe baki ya tambaya ba, ko da a cinyarta ya girma. To ku da kuke cewa in gaya masa, ga amsarku, daga bakin Mama.

Duk da haka ranar Alhamis na gwada iya abin da zan iya. Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, wadda ya taɓa cewa na yi kama da kabeji a ciki, don ita kaɗai ce kayan da na san ya taɓa lura da su. Na ɗaura ɗankwali, na sa kwalli. Bayan ya tura kwanonsa ya fito tsakar gida wanke hannu, na bi shi da buta.

Na ce, "Boda Waliu, idan na koma Rijiyar Lemo, wa zai riƙa zuba maka abinci?"

"Ai can zan riƙa zuwa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Na ma auna. Daga Singa minti arba'in ne idan akwai cunkoso. Sai in riƙa fitowa ɗaya da kwata."

"Ba a zuwa gidan matar aure cin abinci kullum."

Ya ɗago, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. "Saboda me?"

"Saboda gidan wani ne. Matar wani ce."

Wallahi kallon da ya yi min irin na yaron da aka ce masa an sayar da gidansu ne. Sati uku yana binciken mutumin da zai aure ni, amma sai a lokacin ya ji cewa auren yana nufin zan tafi. Ya goge hannu a jikin rigarsa.

Na ce, "Ka samo masa aibi?"

"Na nema, Sumayyah. Allah ya gani na nema. Ina so in samu, ban ma san me ya sa nake so haka ba."

"To ka zauna ka yi tunanin me ya sa."

Ya dafe ƙirji, ya daɗe yana kallon bakin rijiya. Sannan ya ce, "Ina jin olsar nan ce ke sa ni ƙin mutane haka kawai."

Na ajiye butar na shige ɗaki.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya zo cikin farar shadda da hula, ya zauna a ƙasa gaban Baba. Ni ina bayan labulen falo, na riƙe shi har yatsuna suka yi sanyi. Ina roƙon Allah ya yi ƙarya. Ku ji irin addu'ar da so ya sa ni. Ko ƙaramar ƙarya ce, ya ce ya ji an ce, ya ce a ƙara masa sati.

Bai yi ba. Ya jero duk wanda ya gani da abin da kowa ya faɗa, bai rage wa Baffa ko ƙwayar alheri ɗaya ba. Ya ce, "Baba, na nema ban samu ba. Mutumin kirki ne."

Baba ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana kallonsa. Ni na san Baba, wannan kallon ƙofa ce yake buɗewa.

"Kai fa, Waliu? Hankalinka ya kwanta a ba shi ita?"

Mama ta daina motsi a kicin.

"Bai kwanta ba, Baba," in ji shi. "Amma ba laifinsa ba ne. Ni ne ba ni da lafiya kwana biyu."

Baba ya sauke numfashi, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya mayar da tabaransa. Sannan ya kira ni ya tambaye ni ko ina da ta cewa. Na durƙusa. Na kalli Waliu, shi kuma yana kallon zanen darduma. Na jira, na ƙirga har goma a raina. Sai na ji bakina yana cewa duk abin da Baba ya gani ya yi.

A gabanmu Baba ya kira kawun Baffa ya ce su turo Asabar ta sama. Da ya ajiye waya ya ce wa Waliu, tunda shi ne babban wa, idan sun kawo goro da alawa shi zai bi gida-gida ya raba wa maƙwabta a san an ba da Sumayyah. Waliu ya ce, "To, Baba." Mama ta faɗa, ai. Bai taɓa ƙin aike ba.

Yau Asabar, saura kwana bakwai. Na tashi da idanu a kumbure, na taya Mama girki kamar kullum. Ƙarfe biyu na zuba masa amalarsa a kwanonsa mai murfin shuɗi, na ajiye ruwan wanke hannu. Biyu ta wuce, babu sallama. Shekara goma sha bakwai, in ba tafiya ya yi ba, bai taɓa makara ba. Biyu da kwata wayata ta yi ƙara.

"Ina ƙofar gida."

Na ce, "To shigo mana."

"Na kasa. Na buɗe mota zan fito, ƙafata ta ƙi. Ki tambayar min Ifeoma ko olsa tana kama ƙafa."

Na hau bene da gudu na ɗaga labulen taga. Ga motarsa can gindin dalbejiya, ƙofar a buɗe, ƙafarsa ɗaya a ƙasa cikin takalmin nan da ya take wa baya, ɗaya a ciki. Ya kifa goshi a kan sitiyari.

Na rubuta masa amsar, kalma ukun nan da na shekara shida ina ɓoyewa, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Na ɗauki mayafi zan sauka, sai na ga Mama tsaye a bakin matakala. Ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe min hannu kawai ta ce, "Taku goma ne daga motar zuwa falon babanki. Bar shi ya yi su da ƙafarsa."

Shi ya sa nake zaune a bakin taga ina rubuto muku wannan da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da labule. Yanzu ƙarfe uku da rabi. Amalar ta huce. Bai shigo ba, kuma bai tafi ba.